Kibiya a Bakin Allo

Albasa nake yankawa ranar da labarin ya iso ni. Na riƙe wannan sosai, don da na ji kukan surukata daga ƙasan bene, hannuna na fara dubawa, wai ko ni ce na yanke. Hawaye kuwa dama suna idona, na albasa, sai kawai na gaske suka biyo bayansu ba sallama.

Mijina mai hoto ne. Ya je ɗaukar hoton yaye ɗalibai a wani gari, a hanyar dawowa tayar motarsu ta fashe. Abokin aikinsa ne ya kawo labarin, wanda mijina ke kira Shiru-shiru, don sai ya wuni a shago bai ce uffan ba. Ya tsaya a ƙofar Iya, uwar mijina, rungume da jakar kyamara, igiyarta a tsinke. An ce bai ma iya faɗa ba. Iya ce ta ga jakar ta gane.

Ni ina kicin a sama. Ga laftof a buɗe a kan kanta kusa da gwangwanin sukari, ga hoton wani tsoho a allonta, rabin fuskarsa an gyara, rabin duk tsaga. Da safe mijina yana sa takalmi ya ce min, "Ki sa min ido a kan tsohon nan, in na dawo mu ƙarasa shi." Mu ƙarasa, haka ya ce.

Sai na yi muku bayanin laftof ɗin nan, masu karatu, in ba haka ba za ku ce taɓuwa na yi, kamar yadda wasu a danginmu suka riga ku faɗa.

Gidan bene ne. A ƙasa shagon hoto ne ta gaba, ɗakin Iya ta baya, sama kuma namu. Kicin ɗina daidai saman teburin aikinsa yake. Laftof ɗin tsohuwa ce, da ita ya fara sana'a. Batirinta ya mutu, sai a jikin wuta take aiki, wasu maɓallan sun zube kamar bakin tsohuwa. Har ya yi niyyar ba masu gyara su ciri abin da za su cira, sai wata rana ya hawo da ita yana murmushin nan nasa na wanda ya ƙulla wani abu. Ya ture min kwanuka, ya ajiye ta, ya yi 'yan danne-danne, ya sauka a guje. Can sai allon ya kawo haske. Wata 'yar farar kibiya ta shigo ta gefen hagu tana jan hoton wata jaririya, kamar tururuwa ta tsinci ƙwayar hatsi.

Na leƙa bayan laftof ɗin ina neman wayar da ta haɗa ta da shago. Babu, igiyar wuta ce kaɗai.

Ya dawo yana haki, ya ce ai ta waifai ne. Wai babbar kwamfutarsa ta ƙasa ta ɗauki wannan ta mayar allonta na biyu. In ya tura maus ya wuce gefen dama na allonsa, kibiyar sai ta ɓullo a nawa. Na ce wannan ai aikin aljanu ne. Ya ce to aljanin ma ni ya hawo gaisarwa.

Ba wasa kaɗai ba ne. Mai gyaran hoto yakan wuni ya ƙura wa ido ɗaya ko gefen leɓe ido, har ya manta yadda fuskar take gaba ɗayanta. Shi yana ƙasa da guntun, ni ina sama da cikakken hoton. Karatuna bai yi nisa ba, in ya rubuto abu kafin in haɗa baƙaƙen ruwan shayi ya ƙone, shi ya sa muka bar rubutu. Kibiya ta zama bakinsa. In ta yi zagaye, tambaya yake ko ya yi. In ta yi sama da ƙasa da sauri, dariya yake. In ta je kusurwar ƙasa ta kwanta, yunwa ce. Ni kuwa ba abin da zan iya taɓawa a allon, gani kawai nake, sai nake amsawa da dunduniya a kan daɓe. Bugu ɗaya, ya yi. Bugu biyu, da saura. Ya raɗa min suna Manajar Sama. In wanda ya kawo hoto ya tsaya gardamar launi, sai mijina ya ɗaga yatsa ya ce a dakata, manaja na dubawa.

Allah bai ba mu haihuwa ba, amma ban taɓa wuni ni kaɗai a kicin ɗin nan ba.

Bayan rasuwar aka rufe shagon. Da aka ɗauke wuta babbar kwamfutar ta mutu, ba wanda ya ƙara kunna ta. Tsohon ya ɓace. Allona ya koma shuɗi, da wani ɗan rubutu a tsakiya. Matar Yayana, wadda nake kira Anti, malamar makaranta ce, ita ta karanta min. Wai jira take a haɗa ta. Na ce ashe ni da ita duk ɗaya.

A sama na yi takabata, cikin dogayen riguna biyu masu duhu, in wanke wannan in sa waccan. Kullum da safe sai na buɗe laftof ɗin, in bar ta da shuɗinta.

Waɗanda suka bar hotunansu a shago suka dami Iya da sintiri, musamman ɗan tsohon nan, don hoton ubansa ke nan guda a duniya. Sai ta ba Shiru-shiru makulli ta ce ya buɗe. Ban san ranar ba. Ina wanke kofuna, na juya baya, sai na ga haske ya canza a jikin bango. Na waiwaya. Ga tsoho ya dawo da tsagarsa. Ina kallo kibiya ta shigo ta gefen hagu.

Ban yi ihu ba. Na zauna a ƙasa da kumfa a hannu.

Amma tun a nan na san ba shi ba ne. Kibiyar mijina tafiyar mai gida take yi, ta san inda za ta. Wannan kuwa ta shigo ta yi dama ta yi hagu, kamar baƙon da ya yi ɓatan ƙofa, sannan ta fice da sauri. Bawan Allah bai san akwai allo a sama ba, kibiyarsa ce ke ɓace masa yana lalubenta. Sai kuma tsagar fuskar tsohon ta fara haɗewa a hankali, daga goshi zuwa haɓa, har ya zama mutum. Na yi kukan da ban yi ba ranar albasa.

Daga ranar na samu abin tashi da safe. Sai na ji ƙarar ƙofar shago, na ji an ja kujera, can allo ya yi haske. Wani lokacin hoto ne, wani lokacin ba komai sai hoton da mijina ya sa a bangon allon, na bayana ina tsaye a tagar kicin da ludayi a hannu. Kibiya ta leƙo ta koma. Wannan ya ishe ni.

Ina fita takaba Yaya ya fara. Shi ne ubana tun da Baba ya rasu, kuma ya san ba na son rubutu, sai ya riƙa turo saƙon murya yana tuƙi, ana jin hon a bayansa. Na farko, in haɗa kayana. Na biyu, zaman me nake yi a gidan da ba ɗa ba miji. Na uku ne ya fito da maganar: akwai wani mai kantin magani a layinsu, matarsa ta rasu, mutumin kirki, gida nasa, ba ruwansa da hayaniya. Har ya ba shi lambata. Tun daga nan kowace safiya sai hoton fure ya shigo wayata da barka da asuba. Ba ni da abin da zan ce a kan mutumin. Furanninsa ma masu kyau ne.

Ban yi gardama ba, don a tunanina ba abin da zan bari. Na naɗe laftof ɗin a cikin rigar mijina mai ruwan toka, na riƙe ta a cinya a mota, ban yarda an sa ta a but ba. Ina ce duk abin da nake gani a cikinta yake.

A gidan Yaya aka ba ni ɗakin baƙi, mai sabon labule da katifa a cikin ledarta. Kafin in cire mayafi na jona ta. Shuɗi. Na ce ko soket ɗin ne, na koma falo. Shuɗi. Na kai ta kicin ɗin Anti na ɗora a kan kanta, har gwangwanin sukari na matso kusa da ita, ku ji fa. Washegari da safe, lokacin da na san an buɗe shago, na zauna a gabanta har rana ta take.

Anti ta same ni a haka. Ta ja kujera, ta tambaye ni yadda abin yake aiki, na faɗa mata yadda mijina ya faɗa min. Ta dafa gwiwata.

"Ƙanwata, babu komai a cikin wannan. Komai yana waccan ta shagon. Wannan taga ce kawai. Kin ciro taga kin baro ɗakin."

"In an sa mata waifai ɗinku fa?"

"Sai na can gidan. Shi kuma ko bakin titi bai kai ba."

Sati ban cika ba na ce ƙafar Iya ta tashi, ba mai kai ta banɗaki. Ba ƙarya ba ce, ƙafar kullum a tashe take. Yaya ya ce in je in dawo. Iya da ta gan ni da ƙullin rigar a hammata ba ta tambaye ni komai ba, sai da na gama shafa mata man zafi ta ce tana jin daɗin motsina a sama, amma ba ta so gidanta ya zama kabari biyu, ɗaya a maƙabarta ɗaya a bene. Na ce mata man ya kusa ƙarewa.

Na hau, na jona, na jira. Da aka ja kujera a ƙasa allo ya kawo. Wallahi har kunya na ji irin daɗin da na ji.

Asirina ya tonu ne a kan hoton wata ɗaliba. Yarinya baƙa kyakkyawa, sai Shiru-shiru ya yi ta ƙara mata haske, ina jin uwar ce ta ce a yi. Ina soya albasa ina kallo da gefen ido, yarinya tana ta komawa fatalwa. Ban yi shawara da kowa ba, dunduniyata ce ta yi gaban kanta. Bugu biyu.

Komai ya tsaya. Na ji an ture kujera, ban ji an tashi ba. Albasa ta ƙone ban sauke ba. Can launin yarinyar ya fara dawowa kaɗan-kaɗan har ta zama ita. Sai kibiya ta shigo, a hankali wannan karon, ba lalube. Ta zo tsakiyar allo ta tsaya, kamar mai jiran a ce masa zauna.

Na rufe laftof ɗin na shige ɗaki.

Washegari na buɗe. Kada ku tambaye ni dalili. Ya turo hoton wasu tagwaye, kibiya ta tsaya a gefensu. Na daɗe, sannan na buga ɗaya. Haka muka koma aiki, ni da mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ba ya zagaye, ba ya dariyar sama da ƙasa, bai san su ba. Tsayawa kawai yake ya jira. Wata rana na lura na fara gane gajiyarsa a tafiyar kibiyar, na tsorata.

Shiru-shiru bai zo wurina ba, wurin Iya ya je da maganar neman aurena. Iya ta kira Yaya. Yaya ya zo da yamma bai ko zauna ba, makullin mota na hannunsa yana kaɗawa. Ya ce mutanen layi sun fara magana, mace ba aure a sama, namiji ba aure a ƙasa, ana jin bugu-bugu. Ya ce shi bai ƙi kowanne ba, ga mai magani ga mai hoto, in zaɓa kafin wata ya mutu. In ban zaɓa ba zai zo da mota, kuma wannan karon ba ƙafar da za ta dawo da ni.

Kowa ya ce ai abin ya zo da sauƙi. Anti ta kira tana dariya, wai in mai hoto na zaɓa ko labule ba sai na cire ba. Iya kuwa na ga ta sa an wanke mata tsohon leshinta. Ni kaɗai na san inda ke min ciwo. In na bi mai magani, allon ya mutu har abada. In na bi Shiru-shiru, wa na bi?

Ranar da muka yi magana da Shiru-shiru, a matattakala ne. Iya na zaune a ƙofarta tana tsintar shinkafa a faranti. Na sauko rabi na tsaya, sanye da atamfa mai ruwan ganye, karon farko da na sa launi, na ja mayafi har goshi. Shi yana ƙasa, ya ba ni gefe, yana kallon takalminsa. Rigarsa a goge amma maɓallin wuya a karkace.

Ya fara da cewa shekaru yana jin bugun nan a saman kansu, yana ganin abokinsa na yi wa silin murmushi, bai taɓa tambaya ba, ya ɗauka daka nake. Sai ranar ɗalibar ya gane. Sannan ya ajiye wani ɗan filas na kwamfuta, irin na adana hotuna, a kan matakalar da ke tsakaninmu. Ya ce duk hotunan da marigayi ya taɓa ɗaukata suna ciki, da nasa, har da na tagar kicin. In Anti ta zuba min su a laftof ɗin, za su buɗe a kowane gida, ba sai da waifai ba.

"Kada ki zauna saboda kwamfuta," ya ce.

Na kalli abin, ko tsawon yatsana bai kai ba. Na ce, "Kibiyar fa?"

"Ita ba ta kwafuwa. Sai da hannu a ƙasa."

Faranti ya daina motsi a cinyar Iya. Na ce tunda ya yi min gaskiya ni ma zan yi masa.

"In na ce na yarda, ban san ko kai na ce wa ba ko shi."

"Na sani. Shi ya sa na kawo miki wannan." Ya gyara tsayuwa. "Ba zan ƙara shigo miki da ita ba, na shiga ba sallama da yawa. A bakin allo zan riƙa tsayar da ita. Ranar da kika san wa kike amsawa, ki buga ɗaya. In biyu ne ma ki buga, ba komai. Da hannuna zan raba kwamfutocin, ki tafi da tagarki ba nauyin kowa."

Ya juya ya shige shago. Iya ta bi shi da kallo ta ce, "Ikon Allah. Yau yaron nan ya cinye maganar shekara." Ta yi dariya, sannan ta goge ido da bakin zani ta ce ƙaiƙayin shinkafa ne.

Anti ta zo ta zuba min hotunan. Suna nan, na gan su. Akwai wanda yake dariya baki buɗe, wanda ni na ɗauka, kansa ya yanke rabi. Yanzu ba abin da ya ɗaure ni, haka Anti ta ce, haka Yaya ya ce a saƙon jiya da hon a bayansa. Furen mai magani ya shigo yau ma, ja ne. An kwance min igiya, ni kuwa ina nan tsaye inda aka ɗaure ni.

Don hotunan ba sa motsi, masu karatu. Na zauna na kalle su duka, ba wanda ya tambaye ni ko ya yi.

Shiru-shiru ya cika alkawari. Ba ya turo hoton kowa. Kullum in ya ja kujera allo ya kawo, sai in ga bayana a tagar kicin, a can gefen hagu kuma ɗan tsinin kibiya, rabinta a ciki rabinta a waje. A wurin take wuni. In ya tashi cin abinci tana nan, in ya dawo ta ɗan motsa, in san ya dawo. Wata ya yi nisa, na ga Yaya ya kai motarsa wanki.

In na buga ɗaya, kibiyar za ta shigo, amma daga ranar ta zama ta wani, ba zan ƙara iya yi wa kaina ƙaryar cewa ta mijina ce ba. In na buga biyu, shuɗi.

Da safe nakan goge allon da bakin mayafina, in matso da gwangwanin sukari kusa da ita, in ɗora ruwan shayi. Amma kafin duk wannan, a bakin ƙofar kicin nake cire silifas. Turmi na mayar ɗaki, kujerata ta ƙarfe na sa mata tsumma a ƙafa. Jiya ludayi ya suɓuce min, na tare shi da cinya kafin ya kai ƙasa, miya ta ƙona ni ban ce komai ba. A kan yatsun ƙafa nake tafiya a kicin ɗina, daga murhu zuwa kanta, daga kanta zuwa taga, dunduniyata a sama.